Yadda Za Ka Jera Sa Ido Hawa-Hawa Kan Shan Inna a Ƙaramar Hukumarka

Cikin mutum 200 da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa ko hannu. Sauran suna harkokinsu lafiya lau, wasu da ɗan zazzaɓin kwana biyu da ba wanda zai tuna da shi, amma dukkansu suna fitar da ƙwayar a bahaya har tsawon makonni. Duk aikinmu a kan wannan lissafin ya tsaya. Jami'in sa ido kan cututtuka da ya zauna a ofishin lafiya na sakatariya yana jiran a kawo masa labari, yaro ɗaya yake jira cikin 200, shi ma sai in iyayensa sun kai shi asibiti, sai kuma in wanda ya duba shi ya gane abin da ya gani.

Na daɗe a wannan aiki a matakin ƙaramar hukuma, kuma ina rubuta wannan ne domin ɗan'uwan da aka ɗora wa shi sabo. Babu hanyar ganowa guda ɗaya da ba ta da inda take makancewa. Mai baibayar ɗaki yana ɗora ciyawa bisa ciyawa ne don kada kafar wannan ta zo daidai da kafar waccan, ruwa ya samu hanya. Haka za ka jera hanyoyinka, kuma a kowane hawa tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: wane yaro ne wannan hanyar ba za ta taɓa gani ba, kuma wa zai gan shi?

Kada wani ya ce maka aikin ya ƙare tun ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali. A 2021 nau'in da ke rikiɗa daga ɗigon rigakafi a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafin ba ya shanye yara fiye da 400 a Najeriya. A 2022 kuma na asalin ya ɓulla a Malawi da Mozambik, aka bi salsalarsa aka tarar daga Pakistan ya taso.

Fara da mutanen gari

Uwar da ta wayi gari ta ga ɗanta da jiya yake gudu yau ya kasa tsayuwa, ba asibiti ne ke fara zuwa ranta ba. Idan tana zaton faɗuwa ya yi, wajen mai ɗori za ta. Idan tsofaffin gida sun ce Inna ce ta taɓa shi, wajen boka ko malami za a nufa. Idan da zazzaɓi, mai kemis na bakin layi ne zai fara ganinsa. Waɗannan mutanen su ne hawanka na farko, tare da ungozoma da wanzami. Ka rubuta sunayensu gunduma-gunduma, ka san shagon kowa da ranar da ya fi samun jama'a.

Kada ka shiga wurinsu kai tsaye da jakarka da fom. Ka fara gaida hakimi, shi ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa. Tun 2009 da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu kan lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, wannan ƙofa a buɗe take, kuma bokan da mai unguwa ya gabatar da kai gare shi daban yake da wanda ka faɗo masa da rana tsaka. In kun zauna, ba aikinka ba ne ka yi masa gardama kan iskoki. Ka ce masa ya ci gaba da abin da ya sani, abin da kake roƙo kawai ya kira ka ranar da aka kawo yaron, ba bayan ya gwada maganinsa na wata guda ba.

Yadda kake tambaya ma yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka ce "akwai mai shan inna?" za a nuna maka gurgun da ya shekara ashirin a kan keken guragu. Abin da kake nema shi ne duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam, ya yi laƙwas, ko mene ne dalili. Shi ne abin da muke kira AFP a takardunmu. Yawancinsu ba shan inna ba ne, kuma hakan ba asara ba ce, zan dawo kan wannan.

Akwai wurare biyu da jerin sunayen da ka gada zai yi wuya ya ƙunsa. Ɗaya tsangaya ce. Almajiri ɗan shekara takwas ba shi da uwa a kusa da za ta lura da tafiyarsa ta sauya, sai alaramma da manyan gardawa, don haka su za ka nema. Ɗayan kuma ruga ce. Ka san ardo, ka san burtalin da suke bi da watan da suke sauka, ka riƙa zuwa kasuwar shanu ranar da take ci.

Inda ake amfani da manhajar AVADAR, wadda aka fara a Najeriya a 2016, kowane mako waya tana nuna wa mai ba da rahoto ɗan gajeren bidiyon yaro mai irin wannan matsala, ya amsa ya gani ko bai gani ba. Tana taimakawa sosai. Amma abin da ya fi riƙe waɗannan mutane shi ne ka koma ka faɗa musu sakamakon yaron da suka kawo. Mai ɗorin da ya kira ka sau biyu bai sake jin ɗuriyarka ba, na ukun ba zai kira ba.

Asibiti: ka buɗe rajistar da hannunka

Hawa na biyu asibitoci ne, daga babban asibiti har sha-ka-tafi na ƙauye, har masu zaman kansu da aka fi mantawa da su. Ka kasa su gida uku bisa yiwuwar a kai irin wannan yaro can. Na sama kowane mako, na tsakiya duk mako biyu, na ƙasa sau ɗaya a wata. Sashen yara da sashen gashin ƙashi kullum a sama suke.

In ka je, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi in-caji "akwai wani abu?" ya ce babu, ka sa hannu ka hau babur. Gani ya kori ji. Ka zauna ka bi rajistar layi-layi tun daga ranar zuwanka na ƙarshe. Ba kasafai za ka ga an rubuta AFP ba. Za ka ga "ya kasa tafiya", ko "raunin ƙafa bayan allura", ko an jingina abin ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila, ko rashin abinci mai gina jiki. Duk irin wannan layin ka nemi katin yaron, in ya kama ka bi shi har gida. Sannan ka ja layi a inda ka tsaya, ka sa kwanan wata, domin wanda zai zo duba aikinka ya san iyakar abin da ka karanta.

Kowane asibiti ya aiko da rahoton mako ko da babu komai. Asibitin da ya ce "babu" da asibitin da bai ce komai ba, ba ɗaya suke ba, kuma kada ka taɓa haɗa su a layi ɗaya.

Da zarar labari ya zo, kana da awa 48 ka isa wurin yaron. Bahaya biyu ake ɗauka, tsakaninsu aƙalla awa 24, dukkansu cikin kwana 14 da fara ciwon, domin bayan nan ƙwayar tana raguwa a hanji. Kowanne ya kai kamar giram 8, wato misalin girman babban yatsa. Ka bar wa uwar robar da kanka, ka nuna mata yadda za ta shimfiɗa leda mai tsabta don kada ya haɗu da ƙasa ko fitsari. Daga hannunta sai cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, kuma ya isa ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku bai wuce maki 8 na zafi ba. A watan Afrilu, lokacin da wutar lantarki ke wasan ɓuya kuma ƙanƙara ke narkewa kafin azahar, wannan sharaɗin ne ya fi kowane wuya. Ka san tun da wuri wane firjin sola ne ke daskarar da ƙanƙara da gaske a yankinka, kuma akwatin da ya ɗauki bahaya kada ya sake ɗaukar rigakafi.

Idan labarin ya makara, kwana 14 sun wuce, ba a barin yaron. Ana ɗaukar nasa duk da haka, a ƙara da na yara uku 'yan ƙasa da shekara biyar da suke cuɗanya da shi, sannan a koma bayan kwana 60 a duba ko raunin yana nan.

Yanzu ga amfanin waɗancan yaran da ba shan inna ba. Ko a ƙasar da babu ƙwayar ko ɗaya, wasu cututtukan suna sa gaɓoɓin yara su saki. Shi ya sa aka sa ma'auni: cikin yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15, ya kamata ka gano aƙalla biyu a shekara, uku a inda haɗarin ya fi yawa. A ce ƙaramar hukumarka tana da irin waɗannan yara 150,000, ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Wannan ba albishir ba ne, idonka ne a rufe. Kuma kada ka tsaya kan jimillar ƙaramar hukuma, domin gundumar da babban asibiti yake tana iya cike maka adadin ita kaɗai, ta rufe gundumomi biyar na bakin daji da suka shekara biyu shiru. Ka fasa lissafin gunduma-gunduma. Aƙalla kashi 80 cikin 100 na yaran su zama an samu bahayarsu yadda ya dace. Akwai kuma wani awo da sababbi ba su cika lura da shi ba: hanjin yaranmu ba ya rasa wasu ƙwayoyin dangin shan inna marasa shanyewa, don haka ana sa ran ɗakin gwaji ya same su a aƙalla kashi 10 cikin 100 na samfuran. Idan naka kullum fes suke fitowa, babu ko waɗannan, to ka zargi ƙanƙararka. Mai yiwuwa komai ya mutu a hanya.

Lambatu

Hawa biyun nan duk yaron da ya shanye suke jira. Na ukun shi ne yake jin labarin sauran 199. A 2011 aka fara ɗibar ruwan lambatu a Kano domin gwaji, daga baya abin ya bazu zuwa Sakkwato da sauran jihohi. A 2013 Isra'ila ta gano ƙwayar ta asali a ruwan ƙazantarta alhali ba yaro ko ɗaya da ya shanye. A 2022 ma ta haka Landan ta san tana da baƙuwa, wato nau'in da ke rikiɗa daga ɗigon rigakafi.

Garuruwanmu ba su da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa kamar can, buɗaɗɗen lambatu muke da shi, irin magudanar Jakara da ke kwashe ruwan tsohon birnin Kano. Saboda haka zaɓen wuri shi ne rabin aikin, kuma ba a yin sa a kan taswira. Ka sa takalmin roba ka bi lambatun da ƙafa, kana hawa sama, ka ga da idonka gidajen da suke zuba masa. Ana son wurin da ya tattaro ƙazantar mutum 100,000 zuwa 300,000. In ya fi haka yawa, ƙwayar tana narkewa cikin ruwa ta ɓace. Ka lura da abin da ke shiga a saman inda za ka ɗiba: majema, marina, wurin wankin mota, masana'anta. Sinadaransu suna kashe ƙwayar, ko su lalata gwajin. Ruwan da ya sauya launi, ko yake warin magani maimakon warin da ka sani, ba naka ba ne.

Da safe ake ɗiba, lokacin da gari ya tashi aka shiga banɗaki, ruwan yana gudu da ƙarfi. Lita ɗaya, daga tsakiyar inda yake gudana, ba gefen da ya kwanta ba. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane zuwa, in ba haka ba sakamakon wannan wata ba zai gwadu da na wancan ba. Ranar da aka kwana ana ruwan sama, abin da ke lambatu ruwan sama ne, ka rubuta hakan a fom. Shi ma wurin yana da nasa awon: in ba a samun dangin ƙwayoyin hanji a aƙalla rabin samfuransa, wurin ba ya aiki, a gyara ko a sauya.

Lambatu ba zai gaya maka wane yaro ba, ko wane gida. In sakamako ya nuna ƙwaya, sai ka sauko kan hawa biyun farko: ka sake bin rajistar duk asibitocin da ke cikin unguwannin da ke zuba wa wurin, ka zaga masu ɗori da masu kemis, a shiga gida-gida ana tambaya, a duba katin rigakafin yara. Kuma ka riƙe a ranka cewa ƙauyen da ke amfani da masai, ko ake zagayawa bayan gari, ba zai taɓa bayyana a lambatu ba. Lambatun birni mai tsabta ba shaida ba ce a kan karkara.

Abin da ƙwayar ke faɗa game da aikinka

Hawa na huɗu ba a hannunka yake ba, amma dole ka iya karanta shi. In an samu ƙwaya, ana bin tsarin halittarta a gwada da waɗanda aka taɓa kamawa. Tana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin 100 a shekara a sashen da ake aunawa, don haka tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta mafi kusa tana nuna tsawon lokacin da ta yi tana yawo ba a gan ta ba. In tazarar ta kai kashi 1.5, ana kiranta marainiya. Marainiya a yankinka tana nufin ƙwayar ta yi fiye da shekara tana bin yara ɗaya bayan ɗaya, kai ba ka sani ba.

Borno ce ta koya mana wannan da zafi. Bayan yaron da ya shanye a Sumaila ta jihar Kano a Yulin 2014, ba a sake ganin na asali ba, har aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida a Satumban 2015. A Agustan 2016 sai aka gano yara sun shanye a Gwoza da Jere, sannan Monguno, huɗu a wannan shekara. Da aka bi salsalar ƙwayar, sai ta haɗu da wadda aka gani a Borno tun 2011. Shekara biyar tana nan. Alƙaluman jihar a takarda ba su nuna ɓaraka ba, domin yaran da ake ganowa a Maiduguri da garuruwan da ake iya shiga sun cike adadin. Duk hawayen sa ido suna nan, amma dukkansu a bakin hanya ɗaya suka tsaya, inda rikicin Boko Haram ya datse. Kafofin sun zo daidai da juna.

Abin da aka yi bayan nan shi ne darasin da za ka ɗauka: an nemi masu ba da rahoto daga cikin mutanen da suke shiga waɗancan wurare suna fita, an riƙa ɗaukar bahayar yara masu lafiya da suka fito daga can zuwa sansanonin gudun hijira, an kuma yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam don sanin wane ƙauye ne har yanzu da mutane a ciki. In kana aiki a Zamfara, ko gabashin Sakkwato, ko yammacin Katsina, inda 'yan bindiga suka hana shiga wasu garuruwa, wannan maganar taka ce yau. Ka ɗauki taswirarka ka shafa wa duk ƙauyen da ƙafar ma'aikaci ba ta taka ba cikin wata shida launi daban. Sannan ka nemi wanda ke zuwa can: direban ranar kasuwa, mai sayen hatsi, mai tallan magani a babur. Ka san kasuwar da mutanen ƙauyen ke fitowa ci, ka sa mutum a wurin. Kada ka jefa kowa cikin haɗari domin samfur, kuma kada sunan irin wannan mai rahoto ya fita daga bakinka.

Sa ido kan masu sa ido

Yanzu kusan kowace ziyara da waya ake cike ta, tana ɗaukar wuri da lokaci, ta aika kai tsaye zuwa kwamfutar jiha da ta Abuja. Wannan shi ne hawa na biyar, kuma ya kamata ka yi amfani da shi kafin a yi amfani da shi a kanka. Ka riƙa buɗe bayanan ma'aikatanka kana dubawa. Asibiti huɗu da GPS ya nuna duk a ƙarƙashin bishiya ɗaya aka ziyarce su. Ziyarar da aka buɗe aka rufe cikin minti uku, alhali rajistar wurin ta fi shafi talatin. Rahotannin da ba sa zuwa sai ƙarshen zangon miƙa rahoto ya gabato. Gundumar da kowane yaro a cikinta an same shi cikin kwana 14 cif, ba a taɓa makara ba. Wannan na ƙarshen ya fi tayar min da hankali, domin na san yadda iyaye suke, kuma na san jarabar matsar da ranar fara ciwo don fom ya yi kyau. Duk inda aka sa adadin da dole a cike, aka haɗa da ɗan kuɗin mota, wani zai kawo yaron da ba shi da komai, ko wanda aka haifa da nakasarsa. Maganin abin shi ne wani daban da wanda ya cike fom ya je ya ga yaron, ya tambayi uwar da kansa ranar da abin ya fara, yana haɗawa da abin da ba ta mantawa, kamar ranar kasuwa, ko suna, ko sallah.

In ka kama irin wannan, ka fara da tambayar dalili. Sau da yawa za ka tarar man babur ne babu, ko an ɗora wa mutum ɗaya gundumomi uku. Gyaran wannan ya fi takardar gargaɗi amfani, ko da yake wanda ya maimaita bayan an gyara masa ba shi da uzuri.

Ita ma na'urar a sa mata ido. Mai rahoton da ya yi mako uku wayarsa ba ta amsa ba, kada allon kwamfutarka ya ƙirga shi cikin masu cewa babu. Wataƙila batir ne ya mutu, ko an sace wayar, ko an katse layin sadarwa a yankin kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021. Ka ajiye littafi na takarda da lambobin kowa, da hanyar da saƙo zai iso ka ta baki in waya ta ƙi.

Kowace Litinin ka zauna da abu huɗu a gabanka: rahoton mutanen gari, rahoton asibitoci, sakamakon lambatu in kana da shi, da taswirar nan mai launi. Inda suka yi daidai ba ya buƙatar lokacinka. Inda suka saɓa za ka tsaya: unguwar da lambatunta ya nuna ƙwaya amma asibitocinta shiru, ko gundumar da masu ɗori ke kawo yara amma asibitinta bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Nan za ka nufa a makon.

Sai batun iyaka. Duk yaron da ka bincika, ka tambayi inda ya kwana cikin kwana 35 kafin ƙafar ta saki, da baƙin da suka sauka a gidan. A Jibiya ko Illela ko Maigatari, amsar tana iya zama Maraɗi ko Ƙonni ko wani ƙauyen Damagaram, domin gida ɗaya ne da biki ɗaya da kasuwa ɗaya. Ka mallaki lambar takwaranka na ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da kai, da na tsallaken iyaka. In yaron daga can ya zo, kai za ka ɗauki bahayarsa tunda a hannunka yake, sannan ka kira su a ranar, ka kuma sanar da jiha a rubuce, domin su bi gidan da ya fito.